Wayar Oba-oba da Jarrabawar Lasisin Rediyo

 Iyayena makiyaya da ke ruga da mashekari, da fatake da direbobi da dillalai da ke kai da kawo tsakanin Njamena da Kuseri, da masu kama mu daga Fotokol da Gamboru har Maiduguri, da mutanen Bol da tsibiran Tafki, ina gaishe ku. Da fatan dabbobi lafiya, kasuwa kuma da albarka.

Maganar yau tambayoyinku ne suka jawo ta. Cikin 'yan makwannin nan saƙonni sun yi ta shigowa a kan abu ɗaya, wato wayar oba-oba. Wani dattijo ya ce ya ga ana sayar da ita a kasuwa, 'yar ƙarama, baƙa, da eriya kamar tsinke, ba ta cin kati ba ta neman sabis, shin in ya saya wa yaransa biyu da ke bin shanu akwai laifi? Wani kuma mai safarar shanu ne. Shi ya ji labarin wai akwai wata jarrabawa da ake yi, in mutum ya ci sai a ba shi lasisi ya riƙa magana da ko'ina a duniya kyauta, yana so ya san ko zai iya jin farashin Maiduguri da ita kafin ya yi lodi. Tambayoyin nan biyu 'yan gida ɗaya ne, don haka bari mu bi su tare, a hankali.

Ni dai ban ga laifin masu tambaya ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Masakori zuwa Bol, ko ya kwana a dajin da ke bayan Durbali, ya san halin sabis, ko rezo kamar yadda muke cewa a nan. Ka bar gari kaɗan sai sanduna su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, ka koma hawa bishiya ko saman mota kana ɗaga hannu sama. Mutanen Borno kuma ba su manta da 2013 ba. A watan Mayu na shekarar, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka rufe layukan salula, a Borno aka shafe watanni ba kira ba saƙo. Da wasu suka koma wayar Thuraya mai aiki da tauraron ɗan'adam, ita ma sojoji suka hana ta a watan Yuni. A nan gida kuwa, daga Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019, ba a shiga WhatsApp da Facebook sai ta ɓarauniyar hanya. Wanda ya ga irin wannan dole ya yi kwaɗayin na'urar da ba ta jingina da turken kowa ba.

To, mu fara daga tushe. Akwatin rediyon da ke rataye a kafaɗarka yanzu kunne ne kawai. Yana ji, ba ya magana, shi ya sa ba wanda ke tambayar ka takardarsa. Oba-oba kuwa baki ce da kunne. Da ka danna maɓallin gefe ka zama ƙaramin gidan rediyo, muryarka ta fita sarari, duk mai na'ura a kan wannan layin zai ji ka. Shi kuma sararin nan da muke ganin fili ne fetal, a rabe yake kamar ƙasa. Makiyayi ya fi kowa gane wannan. Akwai burtali, akwai gona, akwai mashaya, kowanne da iyakarsa, kuma kun san abin da ke biyo baya in garke ya bar burtali ya faɗa gona, ko da yaron da ke kora bai yi da gangan ba. Haka zangon rediyo yake. Wani yanki na gidajen rediyo ne irin namu, wani na jiragen sama, wani na kamfanonin salula, wani na soja da jandarma da 'yan sanda.

Rabon na duniya a Janiba ake yin sa, a hukumar sadarwa ta duniya da ake kira ITU, wadda aka kafa tun 1865, zamanin tangaraho. Kowace ƙasa kuma tana da hukumar da ke tsaron nata kason. A Chadi ita ce ARCEP, wadda dokar 2014 ta kafa, ta gaji OTRT. A Kamaru ART ce. A Nijar ma ARCEP ne sunan tasu. A Najeriya kuwa akwai NCC da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya.

Matsalar oba-obar kasuwa, irin su Baofeng da 'yan uwanta, ita ce ba ta san burtali ba. A buɗe take zuwa, tana iya hawa layuka masu yawa, ciki har da waɗanda hukumomi da ƙungiyoyin agaji da kamfanoni ke aiki da su. Mai shago zai kunna maka, ya sa ka ka fita bakin titi ka ce “oba”, ka ji muryarka tangaran, ka biya kuɗi ka tafi. Ba zai ce maka ga layin wanda ka hau ba, don galibi shi ma bai sani ba.

Yanzu ga maganar jarrabawa. Abin da mai safarar shanun nan ya ji gaskiya ne, akwai ta. A cikin rabon da ITU ta yi, an ware wasu 'yan filaye domin mutanen da ke son rediyo don sha'awa da neman sani kawai, ba don kuɗi ba. Da Faransanci ana ce musu radioamateurs, mu kuma bari mu ce 'yan rediyon sha'awa. Tsohuwar harka ce. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a Faris aka kafa ta ranar 18 ga Afrilu 1925, kuma har yau wannan rana ita ce ranar bikinsu. A Amurka kaɗai masu lasisin sun haura 700,000. Akwai manomi a cikinsu, akwai likita, akwai ɗan makaranta, har da sarakuna. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ɗan rediyon sha'awa ne, lambarsa JY1, yakan hau layi ya yi hira da talakan wata ƙasa da bai taɓa gani ba.

Na ce lambarsa. Duk wanda ya sami lasisi ana ba shi lambar kira, kamar lambar mota, kuma haruffan farko suna nuna ƙasarsa. Ta Chadi da TT take farawa, ta Kamaru TJ, ta Najeriya 5N, ta Nijar 5U. Doka ce ka riƙa faɗin lambarka a kai a kai muddin kana magana. Wato harkar gaba ɗaya an gina ta ne a kan kowa ya san ko kai wane ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Dokar ITU ta ɗora wa kowace gwamnati ta tabbatar mutum ya san aiki kafin ta ba shi izini, amma ta bar wa kowace ƙasa yadda za ta gwada shi. A nan ne kulob ke shigowa. A Amurka, hukumar sadarwa ba ita ke zama ta yi wa mutane jarrabawa ba. 'Yan kulob ne da aka tantance, masu aikin sa kai, mutum uku suke zama su sa ido, sau da yawa a wani ɗakin karatu ko zauren taro na unguwa. Matakin farko tambaya 35 ne, ka ci 26 ka wuce, su aika sakamako hukuma ta fitar maka da lamba. A Afirka ta Kudu ƙungiyar 'yan rediyon ƙasar, SARL, ita ke shirya jarrabawar a madadin hukuma, sau biyu a shekara, Mayu da Oktoba, kulob-kulob na garuruwa kuma su ke koyar da ɗalibai kafin ranar. A Faransa hukuma ce da kanta ke yi, kashi biyu, ɗaya na doka ɗaya na fasaha, kowanne tambaya 20, amma can ma yawanci a kulob ake koyon karatun. Maƙwabtanmu na Najeriya su ma suna da tasu ƙungiya, NARS, wadda ke cikin IARU. Da can sai mutum ya iya bugun Mos, wato ɗigo da ja irin na tangaraho, kafin a bar shi ya hau gajeren zango. A taron Janiba na 2003 aka cire wannan tilas daga dokar duniya, ƙasashe da yawa suka sauke shi.

To me ake tambaya? Kada kalmar fasaha ta tsorata ku. Rabin abin kun riga kun san shi, suna ne kawai ba ku ba shi ba.

Ɗauki misalin mita. Tun muna yara muke jin ana cewa a kama mu a kan mita 49, mita 41, mita 31, mita 25. Kakanninmu sun yi shekaru suna murɗa akwati suna neman Rediyo Kaduna a mita 49. Wannan mita tsawon zangon ne na gaske, tsawon taku ɗaya na igiyar muryar a sarari. Lissafinsa kuma ɗan aji shida zai yi: ka raba 300 da lambar megahaz. A lokacin Kaduna tana kan kilohaz 6090, wato megahaz 6 da ɗan ɗoriya. Raba 300 da 6.09, ka sami 49 da 'yan kai. Shi ke nan, ka amsa tambaya ɗaya ta jarrabawa. 'Yan rediyon sha'awa suna da fili daga megahaz 7 zuwa 7.2, suna ce masa mita 40, katanga ɗaya ce tsakaninsu da gidajen rediyon mita 41. In ka taɓa murɗawa ƙasa kaɗan da mita 41 da yamma ka ji wata murya kamar agwagwa na magana cikin tulu, to wataƙila su ne. Suna matse muryarsu ne ta wata hanya da ke rage cin wuta, ƙaramin akwati ba ya iya warware ta sai wanda ke da maɓallin SSB.

Daga wannan lissafin ake yanka eriya. Eriyar da aka fi koya wa sabon shiga waya ce kawai, irin ta lantarki, tsawonta rabin zango. In mita 40 kake so, sai ka yanka kusan mita 20, ka raba biyu, goma dama goma hagu, ka haɗa igiyar na'ura a tsakiya, ka ɗaure tsakanin bishiya biyu. Da wannan wayar, da na'urar gajeren zango, da batirin mota, mutum na iya magana da wanda ke nesa da ɗaruruwan kilomita da rana, da dare kuma ya tsallaka ƙasashe. Dalili shi ne can sama, sama da inda jirgi ke bi nesa ba kusa ba, akwai wani rufi na iska da hasken rana ke canja wa hali, yana maido da gajeren zango ƙasa kamar yadda bango ke maido da ƙwallo. Shi ya sa tashar da kake ji raɗau da asuba takan ɓace da hantsi, gidan rediyo ya ce ka koma mita 19 ko 16. Su ma wannan rufin suke bi.

Ita kuwa oba-obar hannu ba ta da wannan gata, kuma a nan ne nake so dattijon da ya yi tambaya ya kasa kunne. Zangonta gajere ne ƙwarai, mita 2 ko ƙasa da haka, ba ya dawowa daga sama, miƙe yake tafiya kamar hasken tocila. Inda ƙasa ta lanƙwasa, nan ya tsaya. Mutum a tsaye a fili, iyakarsa wajen kilomita 5 ne ta kowane gefe, in akwai kurmi ko tudu ko gine-gine abin ya ragu. In ka hau abu mai tsawon mita 25 sai ta kai wajen kilomita 20. Kun ga tsawo ne ke aiki, ba ƙarfin da aka rubuta a jikin kwali ba. Saboda haka wanda ya ce maka da 'yar wannan za ka zauna a Masaget ka yi magana da yaranka a bakin Tafki, kuɗinka yake so.

Sai lissafin wuta, wanda duk mai faifan sola ya kamata ya iya ko ba ya neman lasisi. A kwatanta wuta da ruwa a tiyo. Bolt shi ne ƙarfin turi, amfiya yawan ruwan da ke wucewa, om kuma ƙuncin tiyon. In ka ninka bolt da amfiya ka sami wat. Batiri mai bolt 12 da ke ba da amfiya 5, wat 60 ke nan. In an rubuta 50Ah a jikin batirinka, na'urarka kuma tana jan amfiya 1 lokacin saurare, a takarda awa 50 za ta yi, amma batirin ruwa ba ya son a sha fiye da rabinsa, don haka ka ƙirga 25. In kuwa ka danna kana magana da wat 100, tana iya jan amfiya 20, kun ga surutu ke cinye batiri. Ana kuma tambaya a kan tsaron rai: kada a ɗaura eriya kusa da wayar lantarki, a kafa ƙarfe a ƙasa a haɗa na'ura da shi, in hadari ya taso a cire igiyar eriya a yar da ita waje. Mu da ke ganin tsawar watan Yuli da Agusta ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ɗaya ɓangaren shi ne doka da ladabin magana. Ana koyon yadda ake faɗin haruffa don kada su rikice cikin ƙara, A a ce Alfa, B a ce Bravo, TT ɗinmu kuma Tango Tango. Akwai 'yan gajerun kalmomi da duk duniya ta sani, QTH wato inda kake, QRZ wato wa ke kira na, 73 kuma gaisuwar sallama ce. Waɗannan a rubuce suke a littafi, kowa na iya karantawa. Abin da aka hana shi ne zaurance. Ba a yarda ka ƙirƙiro wata magana ta ɓoye tsakaninka da abokinka don kada mai saurare ya gane ba.

Alhaji mai safarar shanu, ga amsarka, kuma na san ba za ta yi maka daɗi ba. Lasisin rediyon sha'awa bai halatta ciniki ba. Sharaɗin farko ke nan da aka ba da filin a kansa, babu neman kuɗi a ciki. Ba za ka hau ka tambayi nawa bijimi ya yi a Kasuwar Shanu ta Maiduguri don ka san ko za ka yi lodi ba, ba za ka ce wa yaronka ya riƙe kaya a Fotokol sai naira ta ɗaga ba. Ko saƙon wani da ba shi da lasisi ba a yarda ka isar zuwa wata ƙasa ba, sai in bala'i ne ko aikin ceto. Ko da ma an yarda, wane ɗan kasuwa ne zai so sirrin cinikinsa a fili? Kai da ke jan dillali gefe ka yi masa raɗa a kunne, a nan kowa daga Kano har Khartum yana jin ka. Abin da ya dace da buƙatarka wani izini ne dabam, irin wanda kamfanonin sufuri da ƙungiyoyin agaji ke karɓa, inda hukuma ke yanka maka layinka kai kaɗai kana biyan kuɗinsa. Ƙungiyar 'yan kasuwar dabbobi ko ta makiyaya tana iya neman wannan da sunanta, kuma a ganina ita ce hanyar da ta fi kusa da abin da yawancinku ke nema.

Akwai kuma gada. Lasisi ɗan ƙasa ne, ba ya tsallaka iyaka da kansa. Takardar Chadi iyakarta tsakiyar gadar Ngeli. Ka sauka Kuseri, ka shiga hurumin Kamaru, sai da izininsu. Ka wuce Fotokol ka shiga Gamboru, wata dokar ce kuma. Muryarka tana da damar tsallakawa, wannan shi ne daɗin abin, amma na'urarka a cikin jaka kaya ce kamar kowane kaya, 'yan duwan da jandarma suna da ikon tambayar takardarta.

Bari in ba ku wani labari da ya faru a garin nan, don shi ne ya sa na ce kulob ya fi ƙarfin wurin karatu kawai. Lambar TT tana da tsada a duniyar 'yan rediyon sha'awa, saboda ba kasafai ake jin ta ba. Akwai masu tara ƙasashen da suka yi magana da su, kamar yadda wasu ke tara kan sarki, sukan yi shekaru suna jiran Chadi. Shi ya sa baƙi ke ɗauko kaya su zo nan su kafa tasha ta 'yan kwanaki. Wani ayarin Italiyawa ya zo a 2012. A watan Oktoba na 2018 kuma wani mutumin Norway ya sauka Njamena shi kaɗai, da lasisinsa a hannu, ya kafa eriyoyinsa, ya fara kira. Bai wuce kwana ɗaya yana aiki ba jami'an tsaro suka zo suka tsayar da shi don su bincika kayan. Ya shafe fiye da mako guda yana jira kafin ya sami tafiya gida.

Ku duba fa. Wannan Bature ne, da fasfo, da lasisi, da 'yan uwansa na duniya da ke ta yaɗa labarinsa. To ina ga saurayi ɗan shekara goma sha bakwai, da sanda da rawani, a wani shingen bincike na yankin Tafki, aka zazzage jakarsa aka ga oba-oba, ba takarda, ba wanda zai tsaya masa, ƙila ma ba ya jin Faransanci ko Larabci sosai? A yankin da aka sha fama da Boko Haram, jami'in da ya ga wannan na'ura ba kiwo zai fara tunawa ba. Baba, amsata gare ka ke nan: kada ka saya musu. Abin da za ta ba su na kilomita huɗu ko biyar bai kai abin da za ta iya jawo musu ba.

Labarin mutumin Norway ya kuma nuna cewa ofishin da ke ba da lasisi dabam, masu tsaro dabam, kuma dole kowannensu ya san da kai. Mu 'ya'yan fatake mun san maganin wannan tun kaka da kakanni. Baƙo ba ya shiga kasuwar garin da ba a san shi ba ya kama ciniki. Wurin fatoma yake sauka, fatoma ya ba shi masauki, ya kai shi ga dillali, in magana ta taso ya ce baƙona ne, na san shi. Kulob mai rajista shi ne fatoman ɗan rediyo. Yana da adireshi, yana da shugabanni da aka san fuskarsu, yana da jerin sunayen 'ya'yansa da lambar kowace na'ura, yana da littafin da ake rubuta duk kiran da aka yi da lokacinsa. In jami'i ya zo da tambaya, akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa, akwai littafin da za a buɗe masa. Mutum ɗaya da eriya a bayan gida abin zargi ne. Mutum ashirin da suka gayyaci hukuma ranar buɗe tasharsu, wata magana ce dabam.

To in ba ciniki, ba kiwo, ina amfaninsa gare mu? Tambaya ce mai kyau. Na farko ilimin kansa. Yaron da ya ci wannan jarrabawa ya iya lissafin batiri da sola, ya iya kama waya da dalma, ya san abin da ke sa na'ura ta ƙone. Wannan sana'a ce ko bai taɓa hawa layi ba.

Na biyu ranar wuya. A Oktoba na 2022 Shari da Logon suka cika suka tumbatsa, ruwa ya shiga Waliya da Tukra, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. A 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 500 a faɗin ƙasar nan, a watan Satumba na shekarar kuma madatsar Alau ta ɓalle ta shanye rabin Maiduguri. Turken salula yana buƙatar wuta da mai da hanyar da za a kai masa su. Na'urar gajeren zango batiri ɗaya take so da bishiya biyu. A Disamba na 2004, lokacin da igiyar teku ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya, wasu 'yan rediyon sha'awa da suka je can domin irin wancan kira na tara ƙasashe su ne suka juya tasharsu ta koma hanyar isar da saƙon ceto da na neman 'yan uwa. Dokar ITU ma ta ƙarfafa wa gwamnatoci su bar 'yan rediyon sha'awa su shirya wa irin wannan rana. Sai dai in faɗa muku gaskiya, wannan ya shafi ruwa da gobara da annoba ne. In hukuma ce ta rufe layi da gangan saboda tsaro, kamar Borno a 2013, lasisin ba zai zama ɓarauniyar hanya ba. Wanda ya ba da shi yana da ikon dakatar da shi. Amurka kanta ta rufe bakin 'yan rediyonta a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Wa zai yi karatun? Jarrabawa ce ta takarda da alƙalami, harsunan hukuma a nan kuma Faransanci ne da Larabci. Don haka ba na ce wa dattijon da ke ruga ya ajiye sanda ya zo aji ba. 'Ya'yanku da ke lakwal nake nufi, maza da mata, da ɗaliban Jami'ar Njamena, da malaman kimiyya, da masu gyaran rediyo da salula na kasuwar Dembe da Kasuwar Gero, waɗanda hannunsu ya riga ya san aikin, ƙa'ida ce kawai ta rage musu. 'Yan sikawut ma suna da ƙofa, don tun 1958 suke da taronsu na shekara-shekara ta rediyo, a mako na uku na Oktoba, inda yaran ƙasashe ke gaisawa ta tashar wani mai lasisi.

In da ni za a tambaya yadda za a fara, sai in ce kada a fara da sayen na'ura. A fara da mutum goma ko sha biyar, da allo, da yini ɗaya a mako. A yi wa ƙungiya rajista kamar yadda ake yi wa kowace ƙungiya. Sannan a rubuta wa ARCEP wasiƙa da sunan ƙungiyar, a nemi sharuɗɗan lasisi da na shigo da na'ura da kuɗin da ake biya, duka a rubuce, a ajiye kwafi. A rubuta wa ɓangaren IARU mai kula da Afirka da Turai a nemi littattafai da shawara, don taimaka wa sababbin ƙungiyoyi yana cikin aikinsu. Kafin amsa ta zo a yi ta lissafi, a yi ta haddar Alfa da Bravo, a koyi kama waya da dalma. Ranar da za a ɗaura eriya ta farko, a tabbata shugaban unguwa da jami'an tsaron yankin sun sani tun kafin su hango ta daga titi. Ƙungiyoyin makiyaya da na 'yan kasuwa kuma, ku da kuka saba haɗa kuɗin rijiya da na allurar dabbobi, ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko biyu su shiga wannan karatu ba zai gagare ku ba.

Wanda kuma ya riga ya sayi oba-oba tana cikin jakarsa yanzu haka, shawarata ya cire batirin, ya bar ta a gida, kada ya bi hanya da ita, musamman hanyar gada da ta Tafki, har sai ya je ya tambayi hukuma matsayinta. Ya ajiye rasit ɗin da ya saya da shi.

Lokaci ya yi halinsa. Masu ƙarin tambaya ku ci gaba da aiko da saƙonni ta lambar da kuka saba, masu gyaran rediyo da malaman da ke son a haɗa su da juna kan maganar kulob su ma su rubuto, za mu tattara. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba takardun da ake nema kafin a tsallaka iyaka da dabbobi. A huta lafiya, wassalamu alaikum.